Yadda za ka fahimci addinin Hindu kafin ka karɓi baƙo ko ka tafi Indiya

Zariya ta daɗe da sanin Indiyawa. Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 an yi ta samun malamai da likitoci daga can, kuma dattawan da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 ba su manta da malaman lissafi da kimiyya Indiyawa ba. Yanzu tafiyar ta juya, mu ne ke zuwa Delhi da Chennai da Bangalo neman magani ko digiri. Amma abin da akasarinmu muka sani game da addininsu daga fim muka tsinto shi: ƙararrawa, jan ɗigo a goshi, ango da amarya suna zagaya wuta. Wannan bai isa ya hana ka jin kunya ba ranar da ka gayyaci abokin aikinka cin abinci a Samaru, ko ranar da mai gidan hayarka a Indiya ya miƙo maka alawa daga ɗakin bautarsa.

Matakin farko shi ne ka tabbatar mutumin ɗan Hindu ne. A ƙidayar Indiya ta 2011 kashi 79.8 cikin ɗari ne mabiya Hindu, kashi 14.2 Musulmi, wato sama da mutum miliyan 170. Akwai Kiristoci, akwai mabiya Jain, akwai mabiya Sikh. Mai naɗa rawani da cikar gemu da ƙarfen awarwaro a hannu galibi Sikh ne, addininsa daban, wanda Guru Nanak da aka haifa a 1469 ya assasa. Kiran Sikh ɗan Hindu kuskure ne da ba ya so.

Idan ka tabbatar, sai ka ajiye ma'aunin da ka saba da shi. Addinin Hindu ba shi da annabi guda da ya kafa shi, ba shi da littafi guda da kowa ke komawa gare shi, ba shi da kalmar shahada da ake shiga da ita. Sunan ma ba su suka raɗa wa kansu ba. Farisawa ne suka kira mutanen da ke hayin kogin Sindhu da Hindu, sunan ya bi su. Da yawansu sun fi kiran addinin Sanatana Darma, wato dawwamammiyar hanya. Saboda haka abin da ɗan jihar Gujarat ya haramta wa kansa, ɗan yankin Bengal na iya ci da safe. Duk abin da za ka karanta a nan, ka haɗa shi da tambayar mutumin da ke gabanka.

Kalmomin da komai ya rataya a kansu

Brahman ita ce ta farko: gaskiya ɗaya tilo, marar farko marar ƙarshe, wadda komai ya fito daga gare ta. Kada ka haɗa ta da Brahma, wanda suke ɗauka abin bauta mai halitta, ko Brahmin, wanda mutum ne ɗan gidan malamai masu jagorantar ibada. Kalmomin uku sun yi kama a kunne, kuma a nan ɗalibai suka fi ruɗewa.

Atman shi ne ran mutum, wanda a wurinsu ba a haife shi ba, ba ya kuma mutuwa. Alaƙar atman da Brahman ita ce babbar muhawarar malamansu. Shankara, a wajen ƙarni na 8, ya ce abu ɗaya ne, jahilci ne ke sa a ga bambanci. Madhwa, a ƙarni na 13, ya ce rai daban, Ubangiji daban har abada. Ramanuja ya tsaya a tsakani. Ka ga ke nan ko a kan tushen aƙida ba baki ɗaya suke ba.

Sai karma, wadda ma'anarta ta asali aiki. Duk aikin da mutum ya yi da niyya yana da sakamako, kuma sakamakon ba ya jiran wata ranar hisabi guda. Yana bin rai daga wannan rayuwa zuwa wata, domin sun yi imani rai na sake dawowa duniya a wani jikin, na mutum ko na dabba. Wannan kai da komon shi ne samsara. Bahaushe zai tuna da zancen ɗan wabi, amma kamar ta tsaya a nan: a wurinsu kowa ne ke dawowa, ba wani yaro na musamman ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaci dawowar abin murna ce. A'a, ɗauri ce. Burin ƙarshe shi ne moksha, kuɓuta daga zagayen baki ɗaya. Suna da aljanna da wuta a littattafansu, sai dai masauki ne na ɗan lokaci, idan lada ko zunubi ya ƙare rai ya sake dawowa.

Darma ita ce ta fi shafar rayuwar yau da kullum: abin da ya wajaba a kan mutum gwargwadon shekarunsa da matsayinsa. Darmar ɗalibi daban, ta magidanci daban, ta wanda ya tsufa ya janye daga harkokin duniya daban, ta wanda ya bar komai ya zama mai zuhudu daban. Neman dukiya da jin daɗi ba laifi ba ne a wurinsu, muddin darma ce ke riƙe da linzami.

Littattafan da suka fi tsufa su ne Beda guda huɗu (da harafin V za ka gan su a rubuce, haka ma sunayen abubuwan bautarsu Bishnu da Shiba). Mafi daɗewa, Rig Beda, yana da waƙoƙi 1,028 cikin harshen Sanskirit, an kuma tsara shi fiye da shekara dubu uku da suka wuce. Amma wanda za ka fi gani a gidan mutum shi ne Bhagabad Gita, mai babi 18 da baiti 700, hira tsakanin abin bautarsu Kirishna da jarumi Arjuna a bakin daga. Idan ka gan shi, kada ka ɗora masa kofi, kada ka ajiye shi a ƙasa.

Allolin nawa ne?

Tambayar da kowa ke yi ke nan, kuma amsar ta danganta da wanda ka tambaya. Mai ilimi a cikinsu zai ce maka ɗaya ne, sunaye da siffofi ne suka yi yawa. Abu Raihan al-Biruni, malamin Musulunci da ya koyi Sanskirit ya rubuta littafi kan Indiya a wajen shekarar 1030, ya lura da haka: ya ce masu iliminsu na cewa Allah ɗaya ne, gumaka kuma na gama-garin mutane ne. A aikace kowane gida na da wanda ya fi karkata gare shi. Mabiya Bishnu na bauta masa ta siffofin da suka ce ya sauko duniya da su, musamman Rama da Kirishna. Mabiya Shiba daban. Akwai masu bautar uwa mace da sunan Durga ko Kali. Lakshmi ta arziki ce, Saraswati ta ilimi. Mai kan giwa shi ne Ganesha, wanda ake kira kafin fara kowane sabon abu, shi ya sa za ka gan shi a gaban mota da bakin shago.

Sanin wannan ba yarda da shi ba ne. Musulmi da Kirista na da matsayinsu a kan sassaƙa abin bauta, kuma ɗan Hindu mai hankali ya sani. Abin da ba zai yafe ba shi ne raini. Shi murti yake kiran abin, yana kuma ɗaukarsa mazaunin da abin bautar ke sauka a ciki bayan an yi masa tsarki na musamman.

Abin da ake yi a ɗakin bauta

Ibadar yau da kullum sunanta puja, kuma a gida aka fi yinta, ba a haikali ba. Babu sallar jam'i da ta wajaba a wata rana ta mako. Mutum zai yi wanka da safe, ya je lungun da aka keɓe, wani lokaci kanta ce kawai a bango. Tsarin na karɓar babban baƙo ne: a gayyato shi, a ba shi wurin zama, a ba shi ruwa, a yi masa wanka da sutura, a shafa masa sandal, a miƙa furanni, a kunna turare, a kunna fitilar man shanu, a ajiye abinci. Cikakkiyar puja mataki 16 ce, amma mai sauri zuwa aiki yakan taƙaita zuwa biyar cikin 'yan mintoci. A ƙarshe ana zagaya fitila a gaban murti ana kaɗa ƙararrawa, wannan shi ne arati.

Idan ka shiga gidansu, cire takalmi a bakin ƙofa. Kada ka zauna ka miƙe ƙafa tana fuskantar lungun bautar, kada ka taɓa komai a wurin, kada ka hura fitilar don ka ga rana ta fito. Ƙafa abu ce mai ƙasƙanci a al'adarsu. Wanda ƙafarsa ta taɓa littafi ko mutum bisa kuskure yakan taɓa abin da hannu ya kai goshi, alamar neman afuwa. Shi ya sa kuma yaro ke sunkuyawa ya taɓa ƙafar babba, irin durƙuson da muke yi wa iyaye.

Abincin da aka ajiye a gaban murti ana rabawa bayan an gama, sunansa prasad. Sau da yawa alawa ce ko ayaba ko kwakwa. A nan Musulmi da Kiristoci da yawa ke shiga tsaka mai wuya, domin ba za su ci abin da aka miƙa wa wanin Allah ba. Kada ka karɓa ka jefar a kwandon shara, wannan ya fi ƙin karɓa muni nesa ba kusa ba. Ɗora hannun dama a ƙirji, ka yi godiya, ka ce addininka bai ba ka dama ba. Sun saba zama da Musulmi shekaru aru-aru, sun san wannan amsar. Haka za ka yi idan aka zo ɗiga maka jan gari a goshi. A lokacin bukukuwa, idan maƙwabci ya kawo alawa, ba laifi ka tambaya ko prasad ce ko daga kanti take.

Haikali kuwa ba kowanne ake barin baƙo ya shiga ba. Na Jagannath da ke Puri da na Guruvayur a jihar Kerala 'yan Hindu kaɗai ke shiga. Inda aka yarda, a cire takalmi, a rufe kafaɗa da gwiwa, wasu wuraren har bel ɗin fata sai an cire, kuma ana zagayawa ne ɗakin tsakiya na hannun damanka. Alamar nan mai lanƙwasassun hannaye huɗu da za ka gani a ƙofofi ba ta Hitila ba ce. Alamar sa'a ce da ta girme shi da dubban shekaru.

Abinci, inda aka fi yin ɓarna

Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 44 cikin ɗari na 'yan Hindu a Indiya ba sa cin nama sam, kuma kashi 72 sun ce wanda ya ci naman saniya ba ɗan Hindu ba ne. Ma'ana fiye da rabi na cin kaza ko akuya ko kifi, amma saniya jan layi ce. Uwa suke ɗaukarta saboda nononta, kuma jihohi da dama irin su Gujarat da Uttar Pradesh sun haramta yanka ta. Marasa cin nama suna dogara da koyarwar ahimsa, wato barin cutar da mai rai.

Kwana biyu kafin baƙon ya zo ka yi masa tambaya huɗu: yana cin nama ko kifi, yana cin ƙwai, yana cin albasa da tafarnuwa, kuma ranar da zai zo ba ranar azuminsa ba ce. Ƙwai a wurin yawancinsu nama ne, nono kuwa halal ne tsantsa. Masu tsananin ibada, musamman wasu mabiya Kirishna, ba sa cin albasa da tafarnuwa.

Babban kuskuren uwargida shi ne a dafa miya da nama, a tsame naman, a ce ga ta baƙo. Romon ya riga ya shiga. Na biyu, dunƙulen ɗanɗano: wasu na ɗauke da sinadarin kaza ko na shanu, don haka a karanta jikin takardar, ko a bar shi a dogara da daddawa ta kalwa, wadda tsiro ce zalla. Na uku, busasshen kifi da garin jatan lande da ake barbaɗawa ba tare da an ɗauke su nama ba. Na huɗu, man da aka soya nama da shi jiya aka soya ƙosai da shi yau. Na biyar, ludayi ɗaya yana yawo tsakanin tukunyar nama da ta baƙo. A ware tukunya, a ware ludayi, a zuba sabon mai.

Abin daɗin shi ne girkinmu na da yalwar abin da za su ci. Shinkafa da wake da mai da yaji, waina da miyar taushe marar nama, ƙosai, alale marar ƙwai da kifi, ɗan wake, awara, fura da nono, kindirmo. Man shanu kuwa tamkar ka kai su gida ne, domin da irinsa suke girki suke kuma kunna fitilar ibada. Ga mutum huɗu, gwangwani huɗu na shinkafa da biyu na wake, da miyar tumatir da alayyafo da aka soya da man gyaɗa, da kwanon kindirmo a gefe, sun wadatar. Kada a rage yaji don tausayi, da yawansu sun fi mu ci.

Akwai wani abu da ke ba mu mamaki. Mu cin abinci a tire ɗaya alamar zumunci ce. A wurin da yawansu duk abin da yawun wani ya taɓa ya gurɓata, suna kiransa juta. Saboda haka a ba baƙo farantinsa da kofinsa, kada ka ɗebo masa da cokalin da ka kai baki. Idan ka ga ya ɗaga gora yana tsiyaya ruwa a baki ba tare da leɓe ya taɓa ba, ba ƙyamarka yake yi ba, tarbiyyarsa ce. A ci da dama, a miƙa da dama, wannan kam mun haɗu.

Tsaraba ma a lura. Kilishi da dambun nama ba nasu ba ne. Takalmi ko jaka ko tintimin fata, duk da kyan aikin dukawanmu, na iya zama abin kunya ga wanda ke gudun fatar saniya. Hula ko riga mai ɗinkin hannu irin na birnin Zazzau ta fi. Da Babbar Sallah a aika wa irin wannan maƙwabci cincin da dabino maimakon nama.

Wanda ya je Indiya ya duba jikin leda: koren ɗigo a cikin murabba'i na nufin babu nama ko ƙwai, alama mai ruwan ƙasa na nufin akwai. Wurin sayen nama a tambayi halal, domin wasu mahautan da ba Musulmi ba sara ɗaya suke yi, abin da suke kira jhatka.

Azumi da kalanda

Azuminsu ba irin namu ba ne na kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Galibi barin wasu nau'o'in abinci ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa shi ne Ekadashi, rana ta 11 bayan ɓuyan wata da ta 11 bayan cikarsa, wato sau biyu a wata. Ranar ba a cin hatsi ko wake, don haka shinkafa da waina da ƙosai duk sun faɗi. Abin da za ka ajiye shi ne dankali, doya, gyaɗa, nono da 'ya'yan itace. Wasu na azumin Litinin saboda Shiba, wasu na kwana tara na Nabaratri, bikin Durga.

Da wata suke lissafi, amma suna ƙara wata guda kusan duk bayan shekara uku don su daidaita da rana. Shi ya sa bukukuwansu ba sa zagaya damina da rani kamar Ramadan. Diwali, bikin fitilu na kwana biyar da ake dangantawa da komowar Rama garin Ayodhya bayan shekara 14 a daji, kullum yana faɗowa tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba. Holi, na watsa kala, a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris. Mai shirin ganin likita ko rajistar makaranta ya kauce wa makon Diwali: ofisoshi na rufewa, tikitin jirgi na tsada, hayaƙin wasan wuta a Delhi kuma na wahalar da mai asma.

Aure da rasuwa

Zagaya wutar da ake gani a fim ba ado ba ne. Wuta ce shaida, kuma a dokar auren Hindu ta 1955, inda al'adar ta ƙunshi taku bakwai, aure na ɗauruwa ne da taku na bakwai. Jan garin da ke tsagar gashin mace da baƙar sarƙar wuya alamar tana da aure ne. Ɗigon goshi kuwa 'yan mata ma na sawa. Idan an gayyace ka, kada ka sa farare tas ko baƙaƙe: fari kayan makoki ne, saɓanin yadda muke cin ado da farar shadda. Gudummawar kuɗi ana ƙara mata ɗaya, 501 ko 1,001, don kada lissafi ya tsaya a sifili. Tunda tsabar naira ɗaya ta ɓace, a tura ta waya.

Gawa ƙona ta ake yi, galibi cikin kwana guda, babban ɗa ne ke kunna wutar, a zuba tokar a kogi, an fi son Ganga. Jarirai da masu zuhudu binne su ake yi. Zaman makoki a arewacin Indiya kwana 13 ne. Mai zuwa ta'aziyya ya sa fari ko tufa marar ado, kada ya kai abinci mai nama.

Ma'aikatan jinya a Shika da sauran asibitoci su kula da zare. Wanda ya ratso daga kafaɗar hagu zuwa ƙugun dama na tsarki ne da ake ɗaura wa yaro a wani biki na musamman, haka jan zaren wuyan hannu. Kada a yanke kafin tiyata sai an nemi izini, sau da yawa ana iya maƙale shi gefe da filasta. Marar cin nama na iya tambayar ko kwanson magani da sinadarin ƙashin dabba aka yi shi. Idan ajali ya matso, dangi kan so su ɗiga masa ruwan Ganga a baki da ganyen tulsi, ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu, wasu kuma su nemi a sauko da shi ƙasa.

Saura maganar da ba a yi. Al'ummarsu ta gaji rabe-raben asali: manyan azuzuwa huɗu, da dubban ƙananan rukunoni masu bin sana'ar gado, da waɗanda aka ajiye a ƙasan kowa, da yanzu ake kira Dalit. Tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda B. R. Ambedkar, shi kansa Dalit, ya jagoranci rubutawa, ya haramta ƙyamar taɓa su a sashe na 17, amma abin na nan da ransa musamman wajen aure. Sunan mahaifi kan tona asalin mutum, su sun gane, kai ba ka gane ba. Tambayar mutum ajinsa kamar ka tambayi Bahaushe a bainar jama'a ne ko kakansa bawa ne. Tambaye shi jiharsu da yarensu da abincin garinsu, zai ba ka labari har ka gaji.